Yadda Aka Kau da Agana Daga Duniya

Kai mai karatu, ka sha jin mutane suna cewa duniya ta ci gaba. Maganar ba ta da wuyar faɗi, amma kaɗan ne su kan tsaya su tambayi yadda ci gaban nan ya ke aukuwa. Waɗansu suna tsammani wani mai hikima ne ya kan kwanta dare guda, gari ya waye ya tashi da dabara, shi ke nan wahala ta ƙare. Ba haka abin ya ke ba. Ci gaba kamar tafiyar ayari ya ke a zamanin fatake. Yau kogi ya tare hanya, a nemi masu fito. An haye, gobe sai ga dutse, jirgin jiya kuwa ba shi da wani amfani a nan, tilas a sake wata dabara. Madugun kirki shi ne wanda ya kan gane irin abin da ya tare shi yau, bai riƙe dabarar jiya ya ce lalle da ita za a wuce ba.

Domin ka ga wannan sosai, ga labarin agana. Ka karanta a hankali, kana lura da kowane kogi da aka tarar, da wanda ya yi fito.

In kai yaro ne ba ka taɓa ganin mai agana ba, ba kuwa za ka gani ba in Allah ya so. Amma tambayi tsofaffi. Cutar ta kan fara da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da ciwon baya. Bayan kwana biyu ko uku ƙuraje su feso, su fi yawa a fuska da hannuwa da ƙafafu, har tafin hannu da tafin sawu. Su cika da ruwa, ruwan ya zama mugunya, sa'an nan su bushe su yi ɓawo. Cikin mutum 10 da mugun irinta ya kama, wajen 3 su kan mutu. Waɗanda suka tashi kuwa, da yawa su kan tashi da zanzana, waɗansu da makanta. A ƙasashenmu da rani ta fi ɓarna. Tsohuwar cuta ce ƙwarai, gama an ga tabo irin nata a fuskar gawar wani Fir'auna na Masar, Ramses na biyar, wanda ya mutu fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Masana sun ƙiyasta a ƙarni na 20 kaɗai ta kashe mutum wajen miliyan 300.

Abu na farko da ya tare mutane shi ne rashin sanin abokin gaba. Ƙyanda da ƙarambau da agana duka zazzaɓi ne da ƙuraje, sai a riƙa gama su. Wani babban likita na Musulmi, Abubakar ar-Razi, wanda ya yi aiki a Rayyu da Bagadaza, ya rasu wajen shekarar 925, shi ya rubuta littafi ya bambanta agana da ƙyanda dalla-dalla. Bai sami magani ba. Amma wanda bai san sunan ɓarawonsa ba, wa zai kai ƙara?

Akwai kuma abin da kowace tsohuwa ta sani tun ba a rubuta ba, watau wanda agana ta kama ya tashi, ba ta sake kama shi. Daga nan waɗansu suka yi tunani, suka ce tun da ya ke sau ɗaya ta ke zuwa, bari a kira ta da gangan ta zo da sauƙi. A ƙasar Sin su kan niƙa ɓawon ƙurji su hura wa mai lafiya a hanci. A Indiya da Turkiyya da wurare da yawa na Afirka su kan yi ɗan tsaga a fata su sa ruwan ƙurjin. Mutum ya yi ciwo kaɗan ya tashi, ya tsira har iyakar ransa. Turawa ba su suka gano wannan ba, koya suka yi. Matar jakadan Ingila a Santambul, Mary Montagu, ta ga tsofaffin mata suna yi, ta sa aka yi wa ɗanta a 1718. A birnin Boston na Amurka kuwa, wani bawa da aka kamo daga Afirka, wanda suka sa wa suna Onesimus, shi ya nuna wa ubangijinsa Cotton Mather tabon hannunsa, ya gaya masa yadda a ke yi a ƙasarsu. Da annoba ta faɗa wa Boston a 1721, wani likita, Zabdiel Boylston, ya gwada. Cikin mutum wajen 240 da ya yi wa tsagar, 6 suka mutu. Cikin kusan 6,000 da cutar ta kama da kanta, 844 suka mutu. Ka yi lissafi da kanka ka gani. Duk da haka mutanen gari suka fusata, har wani ya jefa bom ta tagar Mather, Allah ya sa bai fashe ba.

Amma kada ka yi saurin zagin mutanen nan, gama tsoronsu yana da tushe. Wanda aka yi wa tsagar nan agana ce ta gaskiya a jikinsa. Yana iya mutuwa, yana kuma iya shafa wa maƙwabcinsa, ita kuwa ta tashi a kan maƙwabcin da cikakken ƙarfinta. An haye kogi ɗaya ke nan, ga wani a gaba.

Likitan ƙauye da masu tatsar shanu

A ƙasar Ingila shanu su kan yi waɗansu ƙuraje a hantsa, masu tatsa su ɗauka a hannu. Ciwon ba shi da ƙarfi, kwana kaɗan ya warke. Mutanen ƙauye sun daɗe suna cewa wanda ya yi ƙurjin shanu agana ba ta kama shi. Har wani manomi, Benjamin Jesty, ya sa wa matarsa da 'ya'yansa biyu ruwan ƙurjin nan a 1774, suka tsira, amma bai rubuta ba, labarin bai yi nisa ba.

Edward Jenner likita ne a wani ƙaramin gari, Berkeley. Ya ji maganar nan, ya yi shekaru yana tattara labarin waɗanda suka yi ƙurjin shanu. Ran 14 ga Mayu 1796 ya ɗebi ruwan ƙurji daga hannun wata mai tatsa, Sarah Nelmes, ya sa a hannun James Phipps, yaro ɗan shekara 8, ɗan mai yi masa aikin lambu. Yaron ya yi ɗan zazzaɓi ya warke. A watan Yuli Jenner ya sa masa ruwan agana ta ainihi, ba ta kama shi ba. Yau ba hukumar da za ta yardar wa likita ya yi wannan gwaji da ɗan mutane, kuma daidai ne. Ka lura kuma ɗan talaka aka gwada da shi. Za ka sake gamuwa da irin wannan a gaba.

Jenner ya aika wa babbar jam'iyyar masana ta Landan da labari, suka ƙi bugawa, suka ce shaidarsa ta yi kaɗan. Bai yi fushi ya nade tabarma ba. Ya ƙara gwaji, ya buga littafin da kansa a 1798. Bambancinsa da manomin nan ke nan, shi ya gwada, ya rubuta, ya kuma yi ta aika wa likitocin ƙasashe ruwan ƙurjin kyauta. Wannan shi ne asalin lamba. Majalisar Ingila ta ba shi fam 10,000 a 1802, ta ƙara masa 20,000 a 1807.

To, an sami rigakafi mai kyau, wanda ba ya shafa wa kowa agana. Da dabara ɗaya ta isa, da labarin nan ya ƙare a nan. Amma daga 1796 zuwa ranar da aka yi shelar ƙarewar cutar shekara 184 ne. Me ya cinye shekarun nan duka?

Da fari mutane. Aka zana hotuna ana ba'a, wai wanda aka yi wa lamba sai kawunan shanu su tsiro masa a jiki. Da gwamnatin Ingila ta mai da ita tilas a 1853 sai ƙiyayya ta ƙaru, har a 1885 dubban mutane suka fito zanga-zanga a garin Leicester. Saboda haka in ka ji labarin ƙauyawan da su kan gudu daji in masu lamba sun iso, ka sani ba halin wata ƙabila ɗaya ba ne.

Na biyu ya fi wannan wuya, watau yadda za a kai ruwan lambar nesa. Abu ne mai rai, ba ya daɗewa a kwalba. Sarkin Sifen, Carlos na huɗu, ya so a kai shi ƙasashen da ya ke mulki a hayin teku, tafiyar wata biyu ko fi a jirgin ruwa mai filafilai. Ka tsaya ka yi tunani, da kai ne yaya za ka yi? Ga abin da likitansa Francisco Balmis ya yi. Ran 30 ga Nuwamba 1803 ya tashi daga tashar Koruña da yara maza 22, marayu, waɗanda ba su taɓa yin agana ba, tare da uwar gidan marayun, Isabel Zendal, don ta lura da su. Ya yi wa biyu lamba. Bayan wajen kwana 10 ƙurjinsu ya nuna, ya ɗiba ya sa wa waɗansu biyu, haka haka har suka ƙetare teku. Biyu biyu ya ke yi, domin in na ɗaya bai kama ba na ɗayan ya kama, kamar yadda mace ta kan ɗebi garwashi biyu daga maƙwabta kada ɗaya ya mutu a hanya. A 1805 ya ɗauki waɗansu yara 26 daga Meksiko ya kai lambar tsibiran Filifin. Mutane masu yawan gaske suka tsira ta hannun yaran nan, ga shi kuwa ba wanda ya shawarce su.

Sa lamba daga hannu zuwa hannu ita ma da aibinta, gama wani lokaci a kan kwaso wata cutar, kamar tunjere, a sa wa mai lafiya. Likitocin Italiya suka gyara wannan, suka riƙa renon ruwan lambar a fatar maraƙi, sannu a hankali sauran ƙasashe suka bi. Ƙasashen sanyi masu kuɗi suka kore agana ɗaya bayan ɗaya.

Saura ƙasashen zafi. Ruwan maraƙin nan in ya sha zafi kwana kaɗan ya kan mutu. Ma'aikaci ya ɗauko shi daga babban gari, ya yi tafiyar kwanaki cikin rana, ya tara mutane ya yi musu lamba da ruwan da ba shi da sauran rai. Baɗi agana ta zo ta kashe waɗanda aka yi wa. Wa zai sake yarda? A nan za ka ga abin da a ke kira taurin kan talakawa wani lokaci shaida ce ta abin da idonsu ya gani. Sai bayan 1950 wani likita na Ingila, Leslie Collier, ya kyautata hanyar daskarar da ruwan a busar da shi ya zama gari, wanda zai jure zafi irin na jikin mutum wata guda cur bai lalace ba. Sai an isa ƙauye a jiƙa. Sunan Collier bai yi tashe kamar na Jenner ba, amma ba domin garin nan ba, da lambar Jenner ba ta yi aiki a Sakkwato ko Damagaram yadda ya kamata ba.

Duniya ta haɗa kai

A 1958 wakilin Rasha, Viktor Zhdanov, ya kawo shawara gaban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, ya ce a kau da agana daga duniya baki ɗaya. A 1959 aka yarda, amma yarda ta fatar baki, kuɗin da aka sa bai taka kara ya karya ba. Sai a 1966 aka ware kuɗi na musamman, da ƙyar ma ƙuri'ar ta wuce, gama manyan masana da yawa suna ganin abin ba mai yiwuwa ba ne. Aka fara a Janairu 1967, wani Ba'amurke, Donald Henderson, ya shugabanci aikin. A shekarar nan cutar tana zaune daram a ƙasa 31, tana kama mutum miliyan 10 zuwa 15, ta kashe wajen miliyan 2. Wani abin mamaki, Rasha da Amurka, waɗanda a lokacin ba sa ga maciji da juna, suka yi aikin tare.

A Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ƙasa 20 suka shiga, har da Nijeriya da Nijar. Aka kawo wata na'ura mai kama da bindiga, a taka da ƙafa ta harba ruwan lamba cikin fata, tana iya yi wa mutum wajen 1,000 cikin sa'a guda. Tana da sauri, amma ta kan lalace, gyaranta kuwa sai gwani. Abin da ya fi ta amfani daga baya ɗan ƙarfe ne wanda ba ka ba shi ko anini. Benjamin Rubin ya ɗauki allurar keken ɗinki, ya goge bakin kafarta har ta zama mai ƙaho biyu. In an tsoma ta a ruwan lamba sai ɗigo ɗaya ya maƙale tsakanin ƙahonin, a soki dantse sau 15, shi ke nan. Kwalbar da ta ishi mutum 25 a dā ta koma isar 100. A tafasa allurar a sake aiki da ita, kuma ko wanda bai yi makaranta ba ya iya koyon sukar cikin ɗan lokaci kaɗan.

Nufin Hukumar da fari a yi wa mutum 80 cikin kowane 100 lamba, wai daga nan cutar za ta mutu da kanta. A wurare masu cunkoso hakan bai yi ba. A kan yi ta maimaita wa waɗanda ke kusa da hanya, kamar 'yan makaranta, lissafi ya cika a takarda, na lungu kuwa ba a kai gare su ba, cutar tana nan cikinsu tana cin karenta ba babbaka.

Mabuɗin wannan ƙofa a Nijeriya aka same shi, kuma rashi ne ya kawo shi. A Disamba 1966 wani likitan mishan, William Foege, yana aiki a ƙasar Ogoja, can gabas, sai labari ya zo agana ta ɓulla a wani ƙauye. Ruwan lambar da ke hannunsa kaɗan ne, babban kaya bai iso ba tukuna. Da akwai da yawa, da ya bi ƙa'ida ya tara kowa da kowa. Da ya ke babu, sai ya zauna da abokan aikinsa suka buɗe taswira. Suka yi magana da sauran 'yan mishan ta rediyo, kowa ya aika manzanni ƙauyukan da ke kewaye da shi su dubo inda mai agana ya ke. Kashegari suka san wuraren. Suka yi wa mutanen gidajen lamba, da maƙwabta, sa'an nan suka tambayi kansu, daga nan ina cutar za ta nufa? Suka bi dangin marasa lafiyan, da kasuwannin da su ke ci, suka riga ta isa can. Annobar ta mutu tun ba a yi wa rabin mutanen ƙasar lamba ba. Foege ya taɓa aikin kashe gobarar daji yana saurayi, ya san ba a bin dukan daji da ruwa. Manomi ma ya san wannan, shi ya sa ya kan share ciyawa kewaye da rumbunsa kafin wuta ta zo. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Me ya sa dabarar ta ci? Domin halin cutar ne. Agana ba ta da wurin ɓuya sai jikin ɗan Adam, ba ta zama cikin sauro ko biri kamar shawara. Wanda ta shiga ya kan yi wajen kwana 12 bai shafa wa kowa ba, sa'ad da ya fara shafawa kuwa ya riga ya kwanta, ga kuma alama a fuska kowa na gani. Har wa yau in an yi wa mutum lamba cikin kwana 3 ko 4 bayan ya zauna da mai ciwon, ta kan riga cutar, ta hana ta ko ta rage mata ƙarfi. Likitoci sun daɗe da sanin waɗannan abubuwa, har an taɓa aiki da irin dabarar a Ingila, amma sai da ruwan lamba ya kasa aka ga za ta iya ɗaukar ƙasa guda. Aka bi ta a sauran ƙasashen, a watan Mayu 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, shi ne kuwa na ƙarshe a ƙasashen nan 20. In ka dubi dantsen tsoho ka ga tabo mai faɗi kamar sisi, mai yiwuwa na lamba ne. Ƙaramin tabon da ke hannun yaran yanzu na rigakafin tarin fuka ne, kada ka gama su.

Indiya ta fi ko'ina wuya. Daga ƙarshen 1973 aka riƙa fid da ma'aikata fiye da 100,000 su bi ƙauye ƙauye, daga baya gida gida, riƙe da hoton yaro mai agana suna nuna wa mutane. A zagayen farko suka tarar da dubbai inda rahoto ya ce ɗaruruwa. A 1974 aka ƙidaya masu ciwon fiye da 188,000, waɗansu suka ce ai aikin ya ɓaci, alhali ganin abin da ke ɓoye aka fara yi. Aka sa lada ga duk wanda ya kawo labarin mai agana, aka sa masu gadi a ƙofar gidansa dare da rana, ana kawo masa abinci don kada ya fita. A Mayu 1975 Indiya ta ga na ƙarshenta. A Oktoba na shekarar nan aka sami wata ƙaramar yarinya, Rahima Banu, a tsibirin Bhola na Bangaladesh, ita ce ta ƙarshe da mugun irin ya kama ta hanyar shafa, ta kuwa warke. Habasha ta gama a 1976.

Na ƙarshe da cutar ta kama da kanta Ali Maow Maalin ne, kukun asibiti a garin Marka na Somaliya, saurayi ɗan shekara 23. Ya kauce wa lamba don tsoron sukar. Wata rana ya shiga mota ya nuna wa direba hanya, a cikin motar akwai yara biyu masu agana, tafiyar ba ta fi 'yan mintoci ba. Ran 26 ga Oktoba 1977 ƙuraje suka feso masa. Aka bi duk wanda ya yi hulɗa da shi aka yi masa lamba, ba wanda ya ɗauka, shi kuma ya warke. A 1978 cutar ta kuɓuce daga wani ɗakin bincike a Birmingham ta Ingila, ta kashe mace ɗaya, aka tare ta nan da nan. Masana suka yi shekara biyu suna bincike lungu lungu, suka sa hannu ran 9 ga Disamba 1979, ran 8 ga Mayu 1980 taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi shela cewa agana ta ƙare. Aikin duka ya ci wajen dala miliyan 300. Ƙwayar cutar tana nan a kulle a wuri biyu, Atlanta a Amurka da Koltsovo a Rasha, masana kuwa sun daɗe suna gardama ko a hallaka ta ko a bar ta don bincike.

Ali bai koma ga tukunya kaɗai ba. Ya shiga aikin rigakafin shan inna, yana bin gidajen Somaliya, in iyaye sun ƙi sai ya ba su labarin kansa da tsoron da ya ji. Yana cikin wannan aiki zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya rasu a watan Yuli 2013.